Gwiwar Mai Fenti

Ranar da lauya ya fara taka ƙafarsa a gidan, Mai Fenti yana da sati shida cif yana jinya, kuma a ranar ne da safe likitan ƙashi ya yi masa albishir. Likitan ya ɗaga hoton ƙafar a hasken taga, ya nuna masa ƙarfen da aka ɗaure ƙashin da shi a ƙasan gwiwa, ya ce ƙashi ya kama.

"Saura aikinka, Baba. Wannan maɗaurin da ke riƙe ƙafar a miƙe, daga yau a daina sa shi. Sau uku a sati za ka riƙa zuwa sashen gashin ƙashi a lanƙwasa maka gwiwar, da zafin da komai. In aka bar ta a miƙe sandarewa za ta yi, kuma in ta sandare an gama magana."

Mai Fenti ya ji, ya kuma riƙe. Mutumin da ya shekara talatin a kan tsani, bokiti a hannu ɗaya burushi a ɗaya, ba sai an gaya masa amfanin gwiwa ba. Motar wani kamfanin raba kaya ce ta kwashe shi a mahaɗar hanya, shi da babur ɗinsa da bokitan fenti biyu, kuma tun daga ranar burinsa ɗaya ne a duniya, ya sake hawa tsani da ƙafarsa.

Ɗansa na fari ne ya kawo lauyan. Manaja ake ce masa, don tun yana ƙarami shi ke tsara wa kowa inda zai zauna da abin da zai ɗauka, yanzu kuma ga shi da shagon kayan waya da gemu da iyali. Lauyan matashi ne tsaf-tsaf, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Mai Fenti, ya jajanta, sannan ya buɗe jaka. Ya ce ba zai karɓi ko sisi ba sai an ci shari'a, kasonsa a cikin diyyar yake. Ya ce a adana kowace takardar asibiti, a riƙa ɗaukar ƙafar hoto duk sati. Nan da wata uku kamfanin inshorar motar zai tura su wajen nasa likitan.

"Abin da likitansu ya gani a ranar, shi ake aunawa," in ji shi. "Wanda ya warke sarai, kuɗin magani ne nasa da na kwanakin da ya rasa aiki. Wanda kuma rauni ya bar wa nakasa, wannan zance ne daban."

"Daban kamar yaya, Barista?" Manaja ya matso da kujerarsa.

Lauyan bai faɗi adadi ba. Ya sa tafin hannunsa daidai gwiwarsa, sannan ya ɗaga shi a hankali har ya wuce kansa. Matar Mai Fenti, da ke tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, ta bi hannun nan da ido har sama.

"Jibi zan fara gashi," Mai Fenti ya ce. "Likita ya ce kada in yi wasa."

"Ni ba likita ba ne, Baba," lauyan ya ce yana zuge jakarsa. "Wannan tsakaninka ne da iyali. Sai dai ku kula, mutanen inshora ba su da kunya. Sukan turo a ɗauki mutum a waya yana tafiya."

Ka ji mugun iya magana. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, ya jefa abinsa a tsakar ɗaki ya yi sallama, Manaja ya raka shi har ƙasa, suka daɗe a jikin mota.

Sau ɗaya tak Mai Fenti ya je gashi. Wata mata ce mai ƙarfin hannu da barkwanci ta karɓe shi. Ta kwantar da shi, ta kama dunduniyar tana turawa a hankali, shi kuwa ya yi ta salati yana dukan katifa, gumi na tsiyaya.

"Haba Baba, kai da ke hawa bene huɗu a kan katako? Yi ihunka, ba a biyan kuɗin ihu a nan."

Da ta gama ta auna da wani ma'auni, ta nuna masa inda gwiwar ta kai da inda ake so ta kai. Ta koya masa yadda zai rataya tawul a tafin ƙafa ya riƙa ja da kansa a gida. Ta ce in ya dage, wata biyu zai durƙusa, wata huɗu ya nemi tsaninsa. A ranar, da waƙa a bakinsa ya koma gida.

To, gidan nasu na haya ne, a hawa na biyu, matakalar kuma ƙunci gare ta ga tsayi. Mai ƙafa ɗaya ba ya sauka sai an riƙe shi hagu da dama. Ranar zuwa ta biyu Manaja ya bugo ya ce motar abokinsa da suke ara tana gareji. Ranar ta uku ya ce kaya sun iso shago. A ta huɗu Mai Fenti ya yi wanka tun da sassafe, ya sa riga, ya zauna a bakin gado da sandunansa a gefe har rana ta take. Da Manaja ya shigo, ko zama bai bari ya yi ba.

"Kai, gaya mini gaskiya. Motar ce ko kai ne?"

Manaja ya tsuguna a gabansa, ya sunkuyar da kai. Yaro ne mai ladabi, wannan kowa ya shaida.

"Baba, don Allah ka fahimce ni. Wata uku ne kawai. Likitansu na gama dubawa, wallahi ni da kaina zan kai ka asibitin kuɗi, a yi maka gashin da ya fi wannan. Mutanen nan sun kusa kashe ka. In ka je musu kana takawa, ɗan abin da za su ba ka ko babur ba zai saya ba."

"Likita ya ce sandarewa za ta yi."

"Likitoci ai haka suke, sai sun tsorata mutum. Ƙafar da ta yi sati shida a ɗaure ba ta mutu ba, wata uku ne zai kashe ta?"

Mai Fenti ya juya wajen matarsa, yana jiran ta tsawata wa ɗanta. Ta zauna a hannun kujera tana murza bakin mayafi.

"Malam, shekara talatin kana gyara gidajen mutane, mu muna na haya. Ka duba bangon nan, ko shi ba namu ba ne balle ka shafa masa abin da kake so. Allah ne ya kawo mana wannan ta inda ba mu zata ba. Ka daure mana."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. A ce motar da ta niƙa masa ƙafa ita ce Allah ya kawo musu! Ya cire rigar fitar ya ninke, ya kwanta ya juya musu baya. A ranar aka mayar masa da maɗaurin, wai saboda hoton sati.

Bai haƙura ba. Da safe in matarsa ta tafi kasuwa, sai ya kwance maɗaurin, ya rataya tawul a tafin ƙafa ya yi ta ja, yana cije leɓe don kada maƙwabta su ji. Daga nan ya ɗauki sanduna ya zagaya falo, ya leƙa baranda ya sha iska. Kwana tara yana haka, har ya fara jin gwiwar tana ɗan ba shi haɗin kai. Rana ta goma Manaja ya hango shi daga titi, tsaye a baranda.

Da gudu ya hawo, yana haki.

"Baba! A baranda? Kowa na kallo? Ka san ko wane ne a cikin motar can da ke tsaye tun jiya?"

"Motar mai gyaran famfo ce, ni na san shi."

"Yau shi ne, gobe fa?"

Da zai tafi ya haɗa da sandunan, wai robar ƙasansu ta cinye zai sa a canza. Ba su sake kwana a gidan ba. Aka kawo keken guragu na aro aka ajiye a gefen gado, shi ma don ya fito a hoto.

Saura tawul. Shi ma bai daɗe ba, don wata rana matar ta manta jakar kuɗinta ta dawo, ta tarar da shi a ƙasa, maɗauri a gefe, ya jiƙe sharkaf. Ta saki kwando ta fashe da kuka kamar ta kama shi da wata.

"Ashe ba ka tausayinmu, Malam? Yaron nan ya bar shagonsa yana ta zirga-zirga a kanka, kai kuma kana nan kana rushe masa aiki?"

Ta kira Manaja a waya. Ya zo, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya ɗauki ƙafar uban ya ɗora a cinyarsa, ya mayar da maɗaurin, ya ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ka yafe ni, Baba, don kai nake yi." Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Daga ranar matar ta daina zuwa kasuwa, sai ta ba da saƙo, ta dawo da ɗinkinta ɗakin ta zauna tana gadinsa.

Kada wani ya ce ba su kula da shi ba. Sun kula da shi, har ya yi yawa. Nama, madara, 'ya'yan itace, abin da bai saba gani ba sai ga shi a faranti kullum. Matar ta yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta shafa masa mai. Ya yi ƙiba a ciki da wuya, cinyar kuwa ta tsotse har fatar ta saki. Bayan gida sai an riƙe shi, ƙafar a miƙe ta tokare ƙofa ta hana ta rufuwa, dattijo da furfurarsa. Salla a kan kujera, goshinsa ya manta ƙasa. Mai gashin nan ta bugo sau biyu tana cigiyarsa, Manaja ya ce mata sun koma wani asibiti.

Ana saura kwana takwas wata ukun su cika, takarda ta zo. Likitan inshora ya ɗaga ranar zuwa wata uku nan gaba.

Mai Fenti ya sa aka karanta masa sau biyu. Sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi waya, shi da kansa zai yi magana da lauyan.

"Barista, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa saboda Allah. In na je gashi na warke, shari'ar ta lalace?"

"A'a, Baba, ba ta lalace ba. Sai dai ta rage nauyi."

"To ni ƙafata nake so."

"Ai ba wanda ya hana ka, Baba. Ni ban taɓa cewa kada ka je asibiti ba, Manaja shaida ne. Ku zauna ku yi shawara a gida. Yi haƙuri, ana kira na a kotu."

Ba wanda ya hana shi! Mutum a hawa na biyu, ba sanda, ba mai riƙe shi, a ce ba wanda ya hana shi. Manaja ya karɓi wayar ya ce tunda an riga an ci wata uku, ai asara ce a zubar da su yanzu. Matar ta ce haka ne, wahalar da aka sha kada ta tashi a banza.

A wata na biyar Dogo ya zo, abokin aikinsa da suka shekara ashirin suna riƙe wa juna tsani. Ya shigo da fenti a farcensa da labarin wani sabon gini mai hawa uku da aka ba shi, ya ce ya ajiye wa abokinsa aikin ciki. Da ya yaye zanen ya ga ƙafar, sai dariyar ta ɗauke.

"Kai! Wannan ai ba ƙafarka ba ce. Me likita ya ce?"

Mai Fenti ya gaya masa komai, da muryar da ba ta wuce gadon ba. Dogo ya miƙe tsaye, ya juya masa baya ya durƙusa.

"Hau. Na sauko da buhun siminti daga inda ya fi nan. Yanzu zan kai ka."

Sai ga matar a bakin ƙofa, ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Sannu da ƙoƙari, Dogo. In diyyar ta salwanta, kai za ka ciyar da mu? Kai za ka biya haya? Ka faɗa in ji, sai in matsa maka."

Dogo mai 'ya'ya bakwai ne, amma bai tashi daga durƙuson ba. Mai Fenti ya dubi bayan abokinsa, ya dubi matarsa da hawaye ya cika wa ido. Ya hango kansa a goye ana sauka da shi, mata na kururuwa, maƙwabta sun fito, gobe a ce ya tona wa iyalinsa asiri. Kuma, a faɗi gaskiya, sun yi ta nanata masa zancen har shi ma ya fara cewa a ransa wataƙila likitan ya zuzuta ne.

"Bar shi, Dogo," ya ce. "Saura kaɗan."

Dogo ya fita ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ranar ta zo, wata bakwai da rabi bayan haɗarin. Manaja da maƙwabta biyu suka sauko da shi a kan kujera. A cikin mota Manaja ya yi ta bita da shi.

"Baba, da zarar likitan ya taɓa ƙafar, ka yi ƙara. In ya ce ka lanƙwasa, ka ƙanƙame ƙafar, ka ce ba ta zuwa. Minti goma ne, daga nan sai gashi, na ma riga na yi magana da wani asibiti."

Mai Fenti kuwa ya riga ya yanke abin da zai yi. Zai lanƙwasa ta a gaban likitan iya ƙarfinsa, diyyar ta rage nauyin, duk abin da zai faru ya faru. Ya gaji.

Da suka isa asibitin, lauya ya tsaya a baranda, Manaja ya tura keken ciki. Likitan dattijo ne mai tabarau, ba ya son yawan magana. Ya sa aka kwantar da Mai Fenti, ya kwance maɗaurin, ya juya shi a hannu.

"Wa ya ce ka ci gaba da sa wannan?"

"Zafi ne, likita," Manaja ya yi caraf. "In an cire ba ya iya barci."

"Gashi sau nawa ya je?"

"To, ka san gidan bene ne, ga shi kuma..."

"Lanƙwasa, Baba," likitan ya katse shi.

Mai Fenti ya ja numfashi ya tura. Ƙafar ta ɗan motsa, abin da bai fi faɗin yatsu uku ba, ta tsaya cak. Ya sake turawa. Ya kama cinyar da hannu biyu ya ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya keto masa.

"Likita, taimaka mini. Danna da ƙarfi, kada ka ji tausayina."

Likitan ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwar, ɗaya a idon sawu, ya danna. Mai Fenti ya ƙwalla ƙarar da aka ji har waje. Gwiwar tana nan inda take, kamar ƙofar da aka tokare da dutse ta baya. Likitan ya daɗe yana kallon Manaja ta saman tabarau, sannan ya ce ya fita ya jira a waje.

Da ƙofa ta rufu, Mai Fenti ya riƙo hannun rigar likitan.

"In na koma gashi gobe, kullum, safe da yamma?"

"Da wata huɗu baya ka zo da wannan tambayar, da na ce maka e." Likitan ya cire tabarau ya murza ido. "Naman ciki ya riga ya manne, Baba. Akwai tiyata, wataƙila ta ƙara maka kaɗan, ka samu ka zauna a mota ba tare da an tura kujera baya ba. A shekarunka ba zan yi maka alkawarin fiye da haka ba. Mece ce sana'arka?"

"Fenti."

Likitan ya jawo takarda ya fara rubutu.

Wata ma'aikaciya ta turo shi waje. Manaja ya taro shi fuska cike da fara'a, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Baba, ashe haka ka iya? Wallahi har ni na kusa yarda! Wannan 'danna da ƙarfi' ɗin, ko Barista bai kawo ta ba."

Lauyan ya gyaɗa kai, ya ce batun rashin zuwa gashin zai ɗan ba su wahala, amma in dai likitan ya rubuta nakasa ta dindindin, to an wuce wurin.

Mai Fenti ya dubi ɗansa. Ba fushi ya ji ba a lokacin, baƙin ciki ne zalla, irin wanda ke sa jiki ya mutu.

"Durƙusa," ya ce. "Kama ƙafar. Lanƙwasa ta."

"A nan? Baba, bari mu fita tukuna, kada wani..."

"Na ce ka lanƙwasa ta."

Manaja ya waiga hagu da dama, ya durƙusa yana 'yar dariya. Ya kama idon sawun ya tura. Ya gyara riƙo ya sake turawa.

"Baba, saki mana. Ai an gama."

"A sake take."

"A'a, ka daina ƙanƙamewa, ka saki jikinka."

"Tun a ciki a sake take. Ban yi wasa ko na minti ɗaya ba."

Dariyar ta bushe a fuskar Manaja. Ya taɓa cinyar ya ji naman lakwas, ba abin da ke riƙe da ita. Ya sake turawa, wannan karon da kafaɗa, yana cewa, "A'a, a'a, tsaya, za ta yi," har keken ya ja baya ya bugi bango. Mutanen da ke zaune a layi suka zuba musu ido. Lauyan ya duba wayarsa, ya kara a kunne, ya taka a hankali ya bi baranda.

Direban da ya buge Mai Fenti bai san shi ba, bai kuma nufe shi ba, kuma abin da ya karya likita ya gyara a sati shida. Sauran aikin a gida aka yi shi, da ladabi, da abinci mai kyau, da "don kai muke yi". Ba wanda zai kai su kotu, ba lauyan da zai karɓi wannan ƙarar, kuma in an tambaye su gobe za su rantse cewa ba su taɓa barinsa da yunwa ba, gaskiya kuma suka faɗa.

Manaja yana nan durƙushe, ya rungume ƙafar.

"Baba, zan kai ka wani asibitin. Ko nawa ne. Wallahi ban san..."

"An gaya maka. A gabanka aka faɗa." Mai Fenti ya janye zanen ya rufe ƙafarsa. "Ya isa haka, mutane na kallo. Tashi ka tura keken, ka fara sabawa."